Minti Bakwai a Bakin Titin Nebraska

Sha biyun dare ta ɗan gota, ranar 27 ga Maris, 2012. Wani ɗan sanda mai suna Morgan Struble yana sintiri a babbar hanya mai lamba 275 a jihar Nebraska ta Amurka, sai ya hango wata mota ƙirar Mercury Mountaineer ta sulale ta hau gefen titi. Ba a fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba direban ya fizgo ta, ta dawo kan layi. A dokar jihar, tuƙi a gefen nan laifi ne, don haka ya tsayar da ita. Agogo ya nuna 12:06. Tare da shi a motar sintiri akwai karensa Floyd, wanda aka horar kan sansano miyagun ƙwayoyi.

Direban, Dennys Rodriguez, ya ce rami ya kauce wa. Ɗan sandan ya karɓi lasin da takardun mota da na inshora, ya ce masa ya zo su je motar sintiri. Rodriguez ya tambaye shi ko dole ne. Aka ce masa ba dole ba ne. Ya ce to, shi a motarsa zai jira. Struble ya je ya duba sunansa a kwamfuta, ya dawo ya karɓi lasin ɗin fasinjan da ke gaba, ya tambaye shi daga ina suke, ina kuma suka nufa. Fasinjan ya ce Omaha suka je ganin wata Ford Mustang da aka sa a kasuwa, yanzu suna komawa garin Norfolk. Shi ma aka duba sunansa. Struble ya kira a turo masa wani jami'in, sannan ya rubuta takardar gargaɗi. Wajen 12:27 ko 12:28 ya miƙa wa direban ita, ya yi masa bayaninta, ya mayar musu da takardunsu kaf. Shi da bakinsa daga baya ya shaida wa kotu cewa a wannan lokacin ya riga ya gama duk abin da ya sa ya tsayar da motar.

Maimakon ya sallame su, sai ya nemi izinin zagaya motar da karensa. Rodriguez ya ce bai yarda ba. Sai ɗan sandan ya umarce shi ya kashe mota, ya fito ya tsaya gaban motar sintiri har jami'i na biyu ya iso. Da 12:33 ya iso. Aka fito da Floyd, aka zagaya motar sau ɗaya, shiru. Ana tsakiyar zagaye na biyu karen ya nuna alama. Da aka bincika, aka ciro babbar leda cike da ƙwayar metamfetamin.

Tsakanin miƙa takardar gargaɗi da alamar da karen ya nuna, minti bakwai ne ko takwas.

Duk wanda ya ji labarin nan a majalisa, abin da zai fara cewa shi ne: an kama mutum dumu-dumu, saura me? Ga ƙwaya, a motarsa aka ciro ta. Amma sama da shekara uku aka kwashe ana shari'a, har gaban alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, kuma ba a kan ƙwayar aka yi ta ba. A kan mintunan nan aka yi ta. Haka ɗaukaka ƙara irin wannan take tafiya a can: wanda aka ɗaure ba cewa yake yi ba a samu komai a motarsa ba, cewa yake yi hanyar da aka bi aka samu ta saɓa wa doka, don haka tun farko bai kamata a gabatar wa kotu da abin a matsayin hujja ba. Idan ya yi nasara aka cire hujjar, galibi shari'ar ta rushe ke nan, domin tuhumar mallakar ƙwaya ba ta tsayawa in babu ƙwayar.

Tushen maganar yana cikin gyara na huɗu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791. Ya haramta wa hukuma yin bincike ko kame marar dalili a kan jikin mutum, gidansa, takardunsa da kayansa. Waɗanda suka rubuta shi ba su manta da jami'an kwastan na Sarkin Ingila ba, masu yawo da takardar izini ta gama-gari, wadda ba ta ambaci sunan kowa ko gidan kowa ba, suna faɗawa duk shagon da suka ga dama a Boston. Sai dai gyaran ya faɗi abin da aka hana, bai faɗi abin da za a yi ba idan aka karya. Kotuna ne suka cike wannan giɓi, a hankali. A 1914, a shari'ar Weeks, Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba za su karɓi hujjar da jami'an tarayya suka kwaso daga gidan mutum ba tare da izinin alƙali ba. Jihohi kuwa, inda a nan ake yin mafi yawan shari'un laifi, aka bar kowace da tsarinta, sai a 1961. A shekarar ce aka yanke hukunci a shari'ar Dollree Mapp, wata mata a birnin Cleveland na jihar Ohayo, wadda 'yan sanda suka fasa ƙofarta a 1957 suna neman wani da ake zargi da tayar da bam. Suka nuna mata wata takarda suka ce izinin bincike ce, ta fizge ta, suka ƙwace. Ba su samu komai kan bam a hannunta ba, sai wasu littattafan batsa, aka yanke mata hukunci a kansu. Takardar nan kuwa ba a taɓa gabatar da ita a kotu ba. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce daga yanzu ƙa'idar watsi da haramtacciyar hujja ta hau kan kowace jiha.

Ƙa'idar tana da masu adawa tun asali, kuma ba mutanen banza ba ne. Mai Shari'a Benjamin Cardozo, tun yana babbar kotun jihar New York a 1926, ya yi ƙorafin da har yau ake maimaitawa: ashe mai laifi zai kama gabansa don kawai ɗan sanda ya yi kuskure? Ƙorafi ne mai nauyi. Amma akwai abin da yake tsallakewa. Mutumin da aka tsayar, aka zazzage masa mota a bakin titi ba a samu komai ba, ba ya zuwa kotu. Tattara kayansa yake yi ya tafi da takaicinsa, domin kai ƙarar ɗan sanda aiki ne mai tsada wanda da wuya a ci. Wanda aka samu abu a motarsa shi kaɗai ke da alƙali a gabansa, da lauya a gefensa, da dalilin tsayawa ya yi jayayya. Saboda haka iyakar da ke kare direban da bai ji ba bai gani ba, a shari'ar mai laifi ake shata ta. Abin ba daɗin ji, amma wata hanyar da ta fi ta aiki ba ta samu ba tukuna.

Mai karatu a Najeriya da ya ji abin ya yi masa banbaraƙwai yana da dalili, domin dokar da ya gada daga Ingila ta ɗauki wata hanyar, kuma abin mamaki, ita ma a bakin titi aka kafa ta, a wani shingen bincike. A zamanin dokar ta-ɓaci ta tawayen Mau Mau a Kenya, an tsayar da wani mutum mai suna Kuruma ɗan Kaniu yana kan kekensa. 'Yan sanda suka caje shi, suka ce sun samu harsashi biyu. Shi ya musanta. Dokar ta-ɓacin ta ce sai jami'i mai muƙamin mataimakin sufeto zuwa sama ne ke da ikon yin irin wannan bincike, waɗanda suka caje shi kuwa ba su kai ba. Hukuncin mallakar harsashi a lokacin kisa ne, kuma shi aka yanke masa. Ya ɗaukaka ƙara har Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarauniya, wanda shi ne kotun ƙarshe ga ƙasashen da Birtaniya ke mulka. A hukuncin da aka wallafa a 1955, Mai Shari'a Lord Goddard ya ce abin dubawa shi ne ko hujjar ta shafi tuhumar. In ta shafa, kotu ba ruwanta da yadda aka samo ta, sai dai alƙali yana da damar ƙin ta in ya ga za a zalunci wanda ake tuhuma. Aka kori ƙarar. Kotun Ƙolin Najeriya ta bi wannan sawu a shari'ar Musa Sadau a 1968. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 14 da na 15, ta ɗan sassauta: hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya karɓaɓɓiya ce, sai fa idan alƙali ya auna ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, yana duba girman laifin, muhimmancin hujjar, da ko jami'in da gangan ya taka doka. Wato a Najeriya karɓa ce asali, watsi kuwa sai an gamsar da alƙali. A Amurka, aƙalla a takarda, abin a juye yake.

"A takarda" ɗin nan yana da muhimmanci, musamman idan ana maganar mota. Gida yana da katanga a idon doka. Mota kusan ba ta da ita. Tun 1925, a zamanin da giya take haramtacciya a duk faɗin Amurka, Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Carroll jami'i na iya bincika mota ba tare da takardar alƙali ba muddin yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton akwai haramtaccen kaya a ciki, domin kafin a je a samo takarda motar ta yi nisa. A waccan shari'ar kwalabe 68 na giya aka ciro daga cikin kushin ɗin kujera, a hanyar Detroit zuwa Grand Rapids.

Sai kuma hukuncin 1996 a shari'ar Whren, wanda ya fi kowane buɗe ƙofa. Wasu 'yan sandan farin kaya masu yaƙi da ƙwaya a birnin Washinton suka ga wata mota ta daɗe a mahaɗa, sannan ta yi kwana ba tare da sigina ba. Suka bi ta, suka ga ledojin hodar Iblis a hannun fasinja. Lauyoyin direban da fasinjan, waɗanda baƙaƙen fata ne, suka ce batun sigina fakewa ce da guzuma a harbi karsana: dokokin hanya sun yi yawan da babu direban da zai yi tafiya mai nisa bai taka ɗaya ba, don haka ɗan sanda na iya zaɓar duk wanda ransa ya so ya bi shi har ya yi kuskure. Alƙalai tara duka suka ƙi wannan hujja. Suka ce muddin an karya dokar hanya da gaske, abin da ke zuciyar ɗan sandan ba ya ɓata tsayarwar. A 2005 kuma, a shari'ar Caballes daga jihar Ilinoi, kotun ta ce sansanar kare a jikin mota daga waje ba bincike ba ne a ma'anar tsarin mulki, tunda a can karen ya zagaya ne yayin da ake kan rubuta takardar gargaɗi, ba a ƙara wa direban ko minti ɗaya ba.

Girman abin ya wuce yadda ake zato. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun ƙiyasta cewa a kowace rana 'yan sandan Amurka na tsayar da motoci sama da 50,000. A nazarin da suka wallafa a 2020, bayan sun tace bayanan tsayarwa kusan miliyan 100, sun gano cewa kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa idan duhu ya shiga, lokacin da ba a iya ganin fuskar direba daga nesa, kuma ana caje motocin baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka bisa dalilin da bai kai wanda ake nema kafin a caje ta farar fata ba. Idan tsayarwa ba ta da wuya, karen kuma ba a ɗauke shi bincike ba, to abin da ya rage wa direba ya riƙe shi ne lokaci: har yaushe za a tsare shi? Nan ne shari'ar Rodriguez ta shigo.

An gurfanar da shi a kotun tarayya bisa tuhumar mallakar metamfetamin giram 50 ko fiye da niyyar sayarwa. Lauyoyinsa, daga ofishin da gwamnati ke biya don kare marasa hali, suka yi abin da duk wata ɗaukaka ƙara irin wannan ta rataya a kansa: tun kafin a fara sauraron shari'a suka shigar da buƙatar a yi watsi da hujjar. Tun ran gini tun ran zane. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta ce irin wannan ƙorafi kafin shari'a ake kawo shi. Lauyan da ya yi shiru har aka yanke hukunci, sannan ya je kotun sama yana cewa binciken haramtacce ne, yawanci ihu yake yi bayan hari. A wannan zama na farko ne ɗan sanda ke shiga akwatin shaida, a yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ƙarfe nawa ka tsayar da shi, ƙarfe nawa ka miƙa takarda, me ka gani, me ka shinshina, me ya sa ba ka sallame shi ba? Duk abin da aka rubuta a ranar, shi ne jarin da za a tafi da shi har ƙarshe.

Alƙalin da ya saurari buƙatar ya yarda cewa bayan miƙa gargaɗin, Struble ba shi da wani zargi mai tushe da zai sa ya ci gaba da tsare su, abin da yake da shi bai wuce zato mai ƙarfi ba. Duk da haka ya ba da shawarar a ƙi buƙatar, domin kotun ɗaukaka ƙara ta shiyyar ta daɗe da kafa cewa ɗan jinkiri na 'yan mintuna don kare ya sansana bai kai abin da doka za ta kula da shi ba. Alƙalin kotun tarayya ya amince da haka.

A nan Rodriguez ya tsaya a mararraba. Sama da kashi 90 cikin ɗari na hukuncin laifi a kotunan tarayyar Amurka ta hanyar amsa laifi ake samun su, kuma wanda ya amsa laifi kai tsaye ya zubar da damar ƙalubalantar binciken da aka yi masa. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai bakin alƙalami ya bushe. Amma akwai wata ƙofa: amsa laifi bisa sharaɗi, a rubuce, da yardar alƙali da mai gabatar da ƙara, cewa ya amsa amma ya riƙe haƙƙinsa na kai batun hujjar gaba, kuma in ya yi nasara zai janye amsawar. Ita ya bi. Aka ɗaure shi shekara biyar.

Kotun ɗaukaka ƙara ba sabuwar shari'a take yi ba, kuma wannan ne abin da iyalan ɗaurarru suka fi kasa fahimta. Ba a kiran shaidu, ba a kawo sabuwar hujja, wanda aka ɗaure ma galibi ba ya wurin. A tsarin tarayya kwana 14 kacal mutum ke da su bayan hukunci ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. Daga nan alƙalai uku ne za su karanta kundin abin da ya gudana a ƙasa da rubutattun hujjojin lauyoyi, wani lokaci su ba kowane ɓangare 'yan mintuna ya yi magana. Idan alƙalin farko ya ce ya gaskata ɗan sanda cewa motar ta hau gefen titi, to ta hau, sai fa in kuskuren ya fito fili ƙarara, domin shi ya ga fuskar mai shaida, su ba su gani ba. Abin da suke dubawa da sabon ido shi ne doka: waɗannan abubuwan da aka tabbatar, sun isa su zama dalilin tsare mutum? Ko an gano kuskure ma, gwamnati na iya cewa sauran hujjojin sun isa a ɗaure shi ko babu wannan, hukunci ya tsaya. Kotun Shiyya ta Takwas, mai hedikwata a St. Louis, ba ta ma kai nan ba. A 2014 ta ce minti bakwai ko takwas bai fi jinkirin da ta saba halattawa ba, ta tabbatar da ɗaurin.

Dubban mutane ke roƙon Kotun Ƙoli ta saurare su duk shekara, waɗanda take karɓa ba su kai ɗari ba. Ta karɓi ta Rodriguez ne saboda kotunan ƙasar sun rabu kan wannan tambaya: direba a wata jiha ana iya tsare shi a jira kare, a wata kuwa ba a iyawa. Aka saurari lauyoyi ranar 21 ga Janairu, 2015, aka yanke hukunci ranar 21 ga Afrilu. Shida suka goyi bayansa, uku suka ƙi.

Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta hukuncin masu rinjaye, kuma cikin waɗanda suka sa hannu har da Antonin Scalia, wanda shi ne ya rubuta hukuncin Whren. Hujjarta a miƙe take. Kowace tsayarwa tana da aikin da aka yi ta dominsa: magance laifin hanyar da aka gani, da abubuwan da ke tafiya da shi, kamar duba lasin, rajistar mota, inshora, da ko kotu na neman direban. Ikon tsare mutum yana ƙarewa ne a lokacin da aka gama wannan aiki, ko lokacin da ya kamata a ce an gama shi. Zagayawa da kare ba ya cikin aikin, domin ba lafiyar hanya yake karewa ba, farautar wani laifin ce daban. Ɗan sanda na iya yin ta idan ba ta ƙara lokaci ba, ko idan yana da wani zargi mai tushe na daban. In babu, ko ƙarin kaɗan ne, tsarewar ta zama haramtacciya. Gwamnati ta kawo wata dabara, ta ce jami'in da ya yi sauri ya gama aikinsa da wuri ai ya tara rarar lokaci da zai iya kashewa kan kare. Kotun ta ce babu wannan garaɓasa: in aikin minti goma ne a hannun mai himma, to minti goma ne lokacin da doka ta ba shi.

Masu adawa ba su zo hannu rabbana ba. Clarence Thomas ya ce duka tsayarwar minti 29 ce, wanda ba ya wuce ƙima, kuma sabuwar ƙa'idar za ta sa haƙƙin direba ya dogara da ko ya faɗa hannun gwanin jami'i ko sabon shiga. Ya ƙara da cewa Struble yana da dalilin zargi: ƙamshin turaren mota da ya cika ta fiye da kima, fasinja da ya ja hula ya rufe ido yana ɗari-ɗari, da labarin zuwa ganin mota a tsakar dare. Samuel Alito ya taɓo wani wuri mai ciwo. Ya ce ɗan sandan shi kaɗai ne da mutum biyu cikin dare, ya jira abokin aiki ne don tsaron ransa. Da ya yi ganganci ya fito da karen tun kafin ya miƙa takarda, da ba a ce komai ba. Ya yi hasashen 'yan sanda za su koyi jera ayyukansu ne kawai ta yadda za su kauce wa hukuncin. Ginsburg ta amsa cewa ba kafin takarda ko bayanta ne ma'auni ba, ma'aunin shi ne ko karen ya tsawaita tsarewar. Gaskiya tana wajenta a ƙa'ida, amma Alito bai yi ƙarya ba game da abin da ke faruwa a titi: jami'in da ke son jiran kare yana iya jan ƙafa wajen rubutu, kuma tabbatar da jan ƙafa a gaban alƙali sai an dace da hoton bidiyon kyamarar motar sintiri mai ɗauke da lokaci.

Akwai kalma ɗaya da in ba don ita ba da babu wannan shari'a gaba ɗaya, wato "a'a" ɗin da Rodriguez ya faɗa. Da ya ce ya yarda, magana ta ƙare, domin wanda ya ba da izini da kansa ba shi da bakin ƙorafi. Tun 1973 Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne ɗan sanda ya sanar da mutum cewa yana da ikon ƙi. Mutum cikin dare, fitila na haska masa ido, mai bindiga na tambayarsa cikin ladabi ko zai damu in an ɗan duba but, sau da yawa amincewa yake yi ko da ya san abin da ke ciki. Haka ta faru da Nicholas Heien a jihar Karolina ta Arewa a 2009. An tsayar da motarsa don fitilar birki ɗaya ta mutu, ya yarda a bincika, aka samu hodar Iblis. Daga baya kotun jihar ta gano cewa dokar, yadda aka rubuta ta, fitila ɗaya mai aiki kawai ta wajabta, wato bai karya komai ba. Duk da haka a Disambar 2014 Kotun Ƙoli, takwas da ɗaya, ta ce kuskuren fahimtar doka da jami'in ya yi kuskure ne da mai hankali zai iya yi, tsayarwar ta halatta. Sonia Sotomayor kaɗai ta ƙi. Talaka dai ba a karɓar masa uzurin rashin sanin doka, kuma da wuya a ga adalcin karɓar wa wanda aikinsa ke nan.

Kotun Ƙoli ba ta saki Rodriguez ba. Ta soke hukuncin kotun shiyya ne, ta mayar mata da shari'ar ta duba ko Struble yana da zargi mai tushe da zai halatta ƙarin mintunan. A can kuwa wani hukuncin na jiran sa.

A 2007, a garin Greenville na jihar Alabama, an tsayar da wata mota, fasinjanta Willie Davis ya ba da sunan ƙarya, aka sa masa ankwa aka kulle shi a motar sintiri, sannan aka caje motar aka samu bindiga a aljihun rigarsa. A lokacin kotuna sun halatta irin wannan bincike. Shari'arsa na gaban kotun ɗaukaka ƙara sai Kotun Ƙoli, a shari'ar Gant ta 2009, ta ce ba a caje mota don kawai an kama mai ita, idan yana ɗaure ba zai iya kaiwa gare ta ba kuma babu dalilin zaton hujjar laifin da aka kama shi dominsa tana ciki. Davis ya ce to, nasa binciken ma haramtacce ne. A 2011 kotun ta yarda haramtacce ne, amma ta ce ba za a yi watsi da bindigar ba. Dalilinta: an kafa ƙa'idar watsi ne don a tsawatar wa 'yan sanda, jami'in da ya bi hukuncin kotun da ke aiki a ranar kuwa bai yi abin tsawatarwa ba. Stephen Breyer da Ginsburg suka ƙi, suna gargaɗin cewa in haka ne, wa zai ƙara wahalar da kansa ya ƙalubalanci tsohon hukunci, tunda ko ya ci ba zai amfana ba?

Abin da suka hango shi ya sauka a kan Rodriguez. Kafin shekarar 2015 ta ƙare, Kotun Shiyya ta Takwas ta sake zama, ta ce a daren 27 ga Maris, 2012, dokar da ke aiki a Nebraska ita ce tata, wadda ta halatta ɗan jinkiri, kuma Struble ita ya bi. Saboda haka, bisa hukuncin Davis, ƙwayar tana nan a matsayin hujja. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: tun daga Afrilun 2015 lauyoyi a kotunan jihohi da na tarayya ke ambaton sunan Rodriguez suna ƙirga mintuna a bidiyon 'yan sanda, ana watsi da hujjoji, ana sakin waɗanda aka tsare fiye da ƙima. Shi kuwa kotun ta sake tabbatar masa da ɗaurinsa na shekara biyar.